Yoyon Ta-Allah da Turmin Innarki

Madarumfa

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hanya. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da aka tura ki aikin ungozoma can bayan Dakoro. Na cusa ta ƙarƙashin takardun mota ne, don na san jandarman farko da zai tsayar da ke zai sa ki buɗe wurin.

Ba labarin gida zan ba ki ba, da idonki kika bar shi. Maganar mota zan yi. Na ba ki Ta-Allah, tsohuwar da na saya shekarar da na aje allin koyarwa. Kin san innarki ce ta raɗa mata suna, ranar da ta zagaya ta sau biyu ta ce, "Malam, wannan kam sai ta Allah." Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya faru bara, kina makaranta a Zinder, lokacin da aka gaya miki ta waya wai mota ta ɗan yi tari. Ni na ce a faɗa miki haka. Ga gaskiyar yau, ki karanta ki yi dariyarki can nesa inda ba zan ji ba.

Wata safiya na janye mota daga gindin dalbejiyar ƙofar gida, sai na ga wani baƙin tabo a ƙasa, bai wuce faɗin murfin gwangwani ba. Na waiga dama da hagu, na sa ƙafa na tura masa rairayi. Washegari ya dawo, na sake rufe shi. Kwana goma ina wannan aiki kamar kyanwa. Da ya kai faɗin faifai, sai na shiga gida da faɗa, na ce wa innarki jarkar man gyaɗar da take ɗorawa a mota ranar kasuwa ita ke zuba. Ta fito, ta tsuguna, ta dangwala yatsa ta shinshina.

"Malam, shekarata talatin ina matsar gyaɗa," ta ce, "maina bai taɓa warin ruɓaɓɓen ƙwai ba."

To Uwata, ga ta farko. In kin ga tabo, kada ki rufe shi, kuma kada ki ɗora wa na kusa da ke. Ki shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ki ga daga ina yake ɗiga. Baƙi mai ruwa-ruwa na inji ne. Mai kauri mai wari kuwa na bwat ne, wato akwatin giya, kuma shi ba ya da fitilar da za ta gargaɗe ki. Haka zai tsiyaye shiru har ranar da zai kunyata ki.

Da na leƙa, na gane wurin. Akwai sandar ƙarfe da ke kai juyi daga bwat zuwa tayar gaba, ana ce mata kardan. Inda ta shiga cikin bwat akwai wani zoben roba da ke tare mai, kanikawa na kiransa jwan. Shi ne ya tsufa. Mai hankali a nan gareji zai nufa. Amma ƙwararren bakaniken garin nan Rabe ne, Rabe kuwa ɗalibina ne tun yana sa gajeren wando. Wata rana a aji, ya kasa lissafin rabawa sau uku, na fusata na ce masa, "Kai, kan tarwaɗa gare ka, faɗi ba ƙwaƙwalwa." Yara suka kwashe da dariya, suna ya bi shi. Da ya girma ya buɗe garejinsa, sai ya sa aka rubuta da jan fenti a bango: Garejin Kan Tarwaɗa. Na ɗauka don ni aka rubuta. Shekara da shekaru in zan je kasuwa sai in bi ta bayan masallaci don kada in wuce ta gabansa. Ko baƙin mai zan sake, Maraɗi nake tafiya.

Saboda haka maimakon Rabe, sai na tafi bakin tabki wurin abokina Ɗan Ladi masunci. Na same shi yana ɗinkin koma, na kwashe duka na gaya masa.

"Mushe, wanga ai ba wani abu ba ne," in ji shi, don har yau da Mushen Faransanci da ake ce wa malaman boko yake kirana. "Yoyo duk yoyo ne. Jirgina ya shekara nawa ina toshe shi? Samo tsumma, da sabulun salo, da ɗan kwalta."

Muka dawo gida tare. Muka kwaɓa sabulu, muka cusa tsumma kewaye da kardan, muka shafe da kwalta. Ɗan Ladi ya ja da baya ya duba aikinsa ya ce ko cikin tabki na sa ta ba za ta sha ruwa ba. Kwana biyu bayan haka na kama hanyar Ɗan Issa, an yi ruwa da asuba, hanya duk kududdufi. Ina shiga gari na ga mutane na nuna ni. Na ɗauka tsofaffin ɗalibai ne, na riƙa ɗaga musu hannu. Sai wani mai canjin kuɗi ya taso daga bencinsa ya buga mini gilashi.

"Baba, motarka na kumfa."

Na fito. Tayar hagu ta yi fari fat kamar an yi mata wanka, tsumman kuwa ya nannaɗe kardan yana kaɗawa kamar tutar biki. Mai na nan yana ɗiga abinsa, ko a jikinsa.

Ki riƙe wannan. Ɗan Ladi bai yaudare ni ba, abin da ya sani ya gaya mini. Jirgi katako ne a zaune, kardan kuwa juyawa yake, abin da ke juyawa ba a toshe shi ta waje. Inda za ki, mutane za su ba ki shawara da zuciya ɗaya a kan abin da ba su sani ba. Ki gode musu, ki sha ruwansu, sannan ki tambayi mai sana'ar.

Ni dai ban tambaye shi ba. Na buɗe wayar da kika saya mini, na samu wani bature yana sake jwan yana bayani da Faransanci. Kafin shayina ya huce ya gama, rigarsa ko ɗigo babu. Na ce wa raina, mutumin da ya koyar da ɗiyan mutane shekara talatin ba zai kasa zoben roba ba. Na hau motar haya zuwa Maraɗi, na shiga layin masu kayan mota. Mai shago ya ce, "Ina tsohon?" Na haɗa babban yatsa da manuni na nuna masa, na ce kamar haka yake. Ya dube ni, ya dubi yatsuna, ya ɗauko guda ya auna a kansu ya ba ni. Da na dawo na leƙa na gwada daga waje, sai na ga ashe munduwa na sayo. Innarki ta karɓa ta zura a hannu, ya wuce har gwiwar hannu. Yanzu haka shi ke riƙe murfin tulun ruwanmu.

Duk abin da za ki saya madadin wani, ki tafi da tsohon a hannu. Idonki da yatsunki shaidun zur ne.

Wannan ya tilasta mini in ciro tsohon tukuna, nan ne kuwa maganar ta daina zama wasa. Ranar Alhamis da hantsi na sassauta babban notin tsakiyar taya, na kafa kirik, abin ɗaga motar nan, a kan rairayin ƙofar gida, na ɗaga, na cire taya. Baturen cikin waya a kan siminti yake aiki, ban lura da wannan ba. Innarki ta fito ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Malam, ƙarhen nan ɗan siriri shi kaɗai za ya riƙe ta? Bari in kawo turmi a tokara."

Na ce mata kirik Turawa suka ƙera shi da lissafi, turmi kuwa na daka ne, kuma don Allah kada ta ƙara sa baki cikin aikin maza. Ta ce to. Na shimfiɗa tabarma na shige ƙarƙashi. Ina can ina kokawa da ƙarfe na ji wani abu na gungurowa, na ɗauka yaran maƙwabta ne. Na kwance ƙafar taya daga ƙasa, na sa ƙarfe na ɓamɓari kardan, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na tattara ƙarfina duka na fizga.

Abu biyu suka faru tare. Kardan ya fito, man da na manta ban tsiyaye ba ya biyo shi, ya sauko mini a goshi, ya bi ta ido da hanci ya taru a gemu. Kirik kuma ya nutse cikin rairayi ya kwanta gefe. Na ji mota ta taho. Uwata, ban ko samu kalmar shahada ba. Sai na ji ƙara, ƙaf, ta tsaya. Ƙarfen cikinta na taɓa maɓallin rigata. Na juya kai a hankali, da ido ɗaya da bai cika da mai ba, na ga turmin innarki a gefena, mota na zaune a kansa, ya tsage daga baki har gindi amma bai rabu ba. Ashe shi ne na ji ana gungurowa.

Innarki ta kama ƙafafuna ta jawo ni waje da tabarmar duka. Turmin nan na ƙirya ne, da shi aka kawo ta gidan nan. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga ina numfashi, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zane. Na daɗe ban ga kukan innarki ba. Da ta gama ta share ido ta ce, "Yau sai ka ci tuwon tsaki, ba ni da abin daka."

A nan ba dariya nake ba. Kada ki taɓa shiga ƙarƙashin mota, kada kuma ki bar wani ya shiga, alhali kirik kaɗai ke riƙe da ita. Ki sa faffaɗan katako ƙarƙashin kirik, ki danne tayoyin baya da dutse, ki tokara kututture mai ƙarfi, tayar da kika cire ma ki tura ta ƙarƙashi. Na sa miki katako da guntun kututture a bayan mota, kada ki ba kowa ya yi girki da su. In kuma wani ya ce miki abin da kike yi da haɗari, ki tsaya ki saurara ko da ba ya da takardar makaranta.

Man bwat ba ya jin sabulu. Na yi wanka uku, na shafa toka, na shafa lemun tsami, na zuba turare, sai ya zama warin ƙwai mai turare. Washegari Juma'a. Na shiga sahu, sahun da aka saba matsewa kafaɗa da kafaɗa, na ga an bar mini fili dama da hagu. Tsoho Baba Na-Allah, wanda idonsa ya yi rauni, ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, akwai mushe cikin masallacin nan." Wani daga baya ya amsa, "Ga shi nan kusa da kai, Baba, Mushe Laminu ne." Na ga kafaɗun mutane na rawa har aka tada iƙama. Ki tsiyaye mai cikin roba kafin ki zare komai, ba sai na ƙara bayani ba.

Na tokare mota da kututture, na ciro tsohon jwan, na koma Maraɗi da shi a aljihu. Mai shago ya ce in ɗauki biyu, na ce ɗaya ya isa, ya ce, "Baba, ɗauki biyu." Allah ya yi masa albarka. Na sayo galan ɗin man bwat na aje bayan ƙofar ɗaki. Na farko na buga shi da guduma kai tsaye, ya shiga a karkace. Innarki na tsaye nesa, ta yi gyaran murya ta ce ba wai tana sa baki ba ne, amma tsohon da ta gani, gefen mai rami ciki yake kallo. Na duba, gaskiyarta, na sa shi a juye. Wajen ciro shi ya yage. Na biyu na bi shi da ladabi. Na goge mazauninsa da tsumma mai tsabta, na shafa wa leɓensa mai, na juya gefen mai ramin da ɗan zaren ƙarfe zuwa ciki, na ɗora guntun bututu daidai faɗinsa, na riƙa ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan har ya zauna daram. Na mayar da kardan a hankali don kada haƙoransa su yanke roba, na ɗaure komai. Na shimfiɗa kwali. Kwana biyu, ko ɗigo babu. Na ɗauki kwalin na kai wa Ɗan Ladi har bakin tabki ya gani.

Ranar Lahadi akwai suna a Safo, gidan ƙanwar innarki. Muka loda kwanonin ƙuli-ƙuli da fanke, na sa babbar riga, muka kama hanya. Ba mu yi nisa da gari ba mota ta fara wani kuka siriri kamar sauro. Na ƙara gudu, kukan ya zama na kare. Giya ta fara tauri a hannuna. Sai innarki ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, galan ɗin nan da ke bayan ƙofa, na mine ne?"

Na taka birki a take. Ashe shi ya sa kwali ya bushe. Ba abin da zai ɗiga, domin babu komai a ciki. Na ce mata don me ba ta yi magana ba tun a gida. Ta ce, "Aikin maza ne."

Aiki bai ƙare ba sai kin waiwaya kin ga ba abin da ya rage a ƙasa ko bayan ƙofa. Wannan ya shafi aikinki fiye da nawa. Ranar da komai ya yi kyau har kina son nuna wa mutane, ranar ce za ki sake dubawa.

Muna tsaye a rana sai ga wani mutumin Safo, Tsahiru, da amalanken jaki zai shiga Madarumfa. Ya yarda ya ja mu. Aka ɗaura igiya, innarki ta kwashe kwanoninta ta haye amalanke ta zauna tana fuskantata, ni kuma ina riƙe da sitiyari cikin babbar riga. Haka muka shigo gari, jaki a gaba, mata na leƙe ta katanga, innarki na amsa gaisuwa kamar mai dawowa daga Makka. Na leƙo na ce wa Tsahiru ya bi ta bayan masallaci. Ya ce jakinsa hanya ɗaya ya sani. Jakin nan bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar Garejin Kan Tarwaɗa, domin nan ake ba shi ruwa duk ranar da suka shigo gari.

Rabe ya fito yana goge hannu. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

"Mushe, sannu da zuwa. Yau kai ne a garejina?"

Innarki ce ta ba da labari daga kan amalanke, ba ta rage komai ba, har kumfar Ɗan Issa. Rabe bai yi dariya ba, sai dai ya ɗan juya baya ya yi tari mai tsawo. Ya ɗaga mota ya tokare ta, ya shiga ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Wa ya sa jwan ɗin nan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ya zauna daidai, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Kuma da ka ƙara tafiya kaɗan da bwat ta ƙone, tsayawar da ka yi ita ta cece ta." Ya buɗe ramin gefe, ya ɗura mai har ya fara dawowa, ya ce nan ne ma'auninsa. Sannan ya dube ni da ɗan murmushi ya ce, "Bakwai bisa goma, Mushe. Ka iya aikin, amma ba ka karanta tambaya har ƙarshe ba." Maganata ce, da ita nake rubuta musu a takardar jarrabawa.

Na ja shi gefe na ce, "Rabe, sunan nan da ke bango, ni na jawo maka. Na yi kuskure, ka yafe mini." Ya ce ya ji zafinsa ƙwarai yana yaro, har ya yi sati bai zo ajina a lakkol ba, ni kuwa ban ma lura ba. Amma da ya girma ya ga duk garin da sunan suka san shi, sai ya rubuta don masu mota su gane wurin. "Ni na ɗauka kai ke fushi da ni," in ji shi, "kullum ina hango ka kana kewayawa ta bayan masallaci." Muka tsaya muna kallon juna, dattijai biyu. Ya ce ya yafe duniya da lahira.

Uwata, wannan ita ce babbar, sauran duk ƴaƴanta ne. Matan da za su zo hannunki za su zo cikin ciwo da tsoro, wasu ba za su gane abin da kike faɗa ba ko kin maimaita sau uku. Ki kama harshenki. Kalmar da kika jefa cikin gajiya, ke za ki manta kafin la'asar, mai ita za ta tsufa da ita. In kuma ta kuɓuce miki, ki je ki ba da haƙuri ranar, kada ki jira jaki ya kai ki. Abin da ya fi ƙarfinki kuma ki tura gaba da wuri, ba kunya a ciki. Lambar Rabe na bayan takardar nan, ya ce ko ina kika tsaya ki kira shi.

Saura guda, ta jiya. Kina gidan gwaggonki kina sallama, na ce bari in duba motar karo na ƙarshe. Na sa katako, na tokara kututture, na shige. Komai a bushe yake, mai ya cika, duban minti ɗaya ne. Amma daga inda nake kwance ina hango akwatinki da buhun geron da aka jingine a zaure, sai na ga ba zan iya fitowa ba tukuna. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Na ga ƙafafun innarki sun zo sun tsaya, sannan ta duƙo ta leƙo ni. Ta dubi cikin mota, ta dubi fuskata.

"Malam, motar ba ta yoyo," ta ce. "Kai ne ke yi. Matsa."

Na matsa mata, ta zauna a bakin tabarma ta jingina da taya, muna nan har muka ji sallamarki a ƙofa. Don kada ki gane ne kika same mu muna faɗa a kan inda za a sa jarkar ruwa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wadda kika taɓa. Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum da na ƙarfe, ya ba ki haƙurin innarki, ya raba ki da taurin kan ubanki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko aiki ya yi yawa, ki kira mu in kin sauka. Innarki na gaishe ki, ta ce yajin na cikin jar roba. Na bar ki a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Naki,
Babanki Laminu